Gidan Kaka da Barajin Garinmu

Wata Alhamis ce bayan girbi, shekara uku bayan farin 1984, muna cikin ruwan baraj tsamo-tsamo, sai ga farar mota ta tsaya a gindin gawo. Baraj muke kiran madatsar da aka yi wa ƙoramar ƙauyenmu, can gabas da Keita. Ba wata babba ba ce, tudun ƙasa ne da duwatsun da iyayenmu mata suka ɗauko a ka, ana ba su gero da mai. Amma a wurinmu yara, ita ce duniya. Ranar da babu lakwal, wato makaranta, da na gama daka da wanke-wanke sai in sulale. Mu ƴan mata mukan rungumi gora mu koyi iyo a bakin-baki, maza kuwa su yi ta gasar nutso suna fitowa da laka a hannu don shaida. A gefe mata na jan ruwa suna ba albasa, wadda kafin baraj ba mu taɓa nomawa da rani ba.

Mutumin da ya fito daga motar injiniya ne daga Tawa, siriri, riƙe da kaye, wato littafin rubutu. Mun zaci korarmu zai yi, sai bai ko kalle mu ba. Ya taka saman baraj, ya leƙa ramukan gafiya, ya duba mafitar ruwa. Daga nan ya juya wa ruwan baya, ya bi gangaren ƙorama yana ƙirga rumbuna yana rubutu. Abin ya ɗaure mini kai. Wanda ya zo duba baraj, me ya kai shi ƙirga rumbuna? Ni kuwa tun ina ƙarama tambaya ta yi mini yawa, har Kaka ke cewa da tambaya aka yanke mini cibiya. Na ɗaura zane a jiƙe na bi shi, na tambaye shi kai tsaye.

Ya yi dariya, amma ya amsa. Ya ce tambaya biyu ake yi wa kowace madatsa. Ta farko, ginin lafiya yake? Namu lafiya lau. Ta biyu, in Allah ya kawo ƙaddara ya fashe, wa ruwan zai iske? In gonaki ne kawai, ajinsa ƙarami ne. In akwai ko mutum ɗaya da ke kwana a hanyar ruwan, to ya shiga ajin masu babban haɗari, sai an sare mafitarsa ƙasa an saki rabin ruwan. Rabin ruwa kuwa ba zai kai albasa ga girbi ba. Sai ya nuna da alƙalami. Gida ɗaya tak ne a hanyar, mai kurna a tsakar gida. Gidan Kaka Gaje ne, uwar babana.

Da labari ya kai mata tana kaɗi, ko mazarin ba ta ajiye ba. Ta ce, "Ni da niɗ ɗauko duwatsunai bisa kaina, yau ni ta haɗarin? Ku ce mishi ban tashi." Kowa ya san dalili. A bayan ɗakinta aka binne cibiyar ƴaƴanta tara, kuma huɗu daga cikinsu sun rasu tun ba su kai shekarun da nake da su a lokacin ba. Maigari bai iya yi mata magana ba, don ita ta goye shi. Matan albasa suka koma gaishe ta da sanyin murya, suna kallon ƙasa.

Ni ce na yi abin da manya suka kasa, ba don hankali ba, don son kai. Ina tsefe mata kai na ce, "Kaka, ki tashi mana. In anka saki ruwa, ina za mu yi iyo?" Har yau in na tuna kunya takan kama ni. Sai ta ce in kai ta baraj. Muka hau a hankali tana dogara sanda. Ta daɗe tana kallon fadamar albasa kore shar, inda shekara uku baya muka bar mushen shanunmu. Ta nuna matan da ke ban ruwa ta ce, "Waɗanda ke ƙasa sun gama cin nasu. Waɗanga ba su gama ba."

Kafin sati ya zagayo an gina mata ɗaki a kan tudu kusa da namu. Ranar tashi na ga ta zaga bayan tsohon ɗakin, ta ɗebi ƙasa ta ƙulle a bakin zanenta. Injiniya ya dawo, ya soke harafi ɗaya a kayensa ya rubuta wani. Na tsaya ina kallon baraj ko zan ga abin da ya sake a jikinsa. Ko dutse ɗaya bai motsa ba. Kaka ta yi damina biyu a kan tudun, kullum da hantsi tana zaune tana fuskantar kurnarta, sannan Allah ya karɓi abarsa.

Bara na je gida. Yashi ya cinye rabin baraj, yara ba su iyo sai dai su taka ruwa iyakar gwiwa, amma in damina ta yi ƙarfi har yanzu yakan cika ya batse. A gangare, inda gidan Kaka yake, an yi sabuwar unguwa, kurnar ce ma majalisarsu. Na tambaya ko wani mai kaye ya taɓa zuwa, aka ce ba a gani ba. Sai na hau saman baraj, na juya wa ruwa baya, na soma ƙirga ƙofofi. Ban iya kaiwa ƙarshe ba, don a kowace ƙofa Kaka nake gani.