Ranar da Mai Rijiya Ya Daina Zagi

A unguwar ba a tambayar inda Tsoho Mai Rijiya yake aiki, kunne ake kasawa. Duk gidan da ka ji murya na tasowa daga cikin ƙasa tana zazzaga wa wani zagi, to nan yake.

A hannun kawunsa ya koyi haƙar rijiya tun yana saurayi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, farcensa bai taɓa rabuwa da laka ba. Duk wanda ya zo koyo, doka biyu yake kafa masa: na cikin rami ba ya shiru, mai riƙe da igiya kuma shi ne babba, ko da jiya aka yaye shi. Akwai muguwar iska da ke taruwa a ƙasan rami, ba wari ba hayaƙi, tana lallaɓa mutum kamar barci. Daga sama ba a ganinta, sai dai a ji ta a murya.

Da gwiwa ta fara yi masa gardama, jikansa ya shigo sana'ar. Dogon saurayi ne marar magana, Tsoho ya laƙaba masa Kan Tulu.

Wata ranar da hantsi, a bayan wani gida, rami ya yi zurfi har ƙasa ta soma danshi. Tsoho ya ce shi zai buɗe idon ruwan da kansa. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, jikan na riƙe da ita, leburori biyu a bayansa.

"Kan Tulu, zan ga guga yau, ko sai na yi furfura ta biyu?"

"Ga shi nan, Kaka. Kauce da sanƙonka."

"Sanƙon da ya fi kanka amfani."

Guga na hawa da laka, zagi na biye da shi. Can sai bugun diga ya fara ja da baya.

"Kaka?"

"Na'am, ɗan albarka."

Jikan ya yi cak. Tunda ya yi wayo bai taɓa jin wannan suna daga bakin nan ba.

"Me ka ce?"

"Allah ya yi maka albarka, na ce. Bari in ɗan zauna."

Mai gidan ya leƙa ramin. "Gajiya ce, ka bar dattijo ya huta."

"Kaka, zan jawo ka."

"Kada ka soma. Ruwa ya kusa." Muryar ta yi laushi kamar ta mai rarrashin jariri. "Ka ji maganar kakanka."

Jikan bai taɓa ƙetare maganarsa ba. In kuwa gajiyar ce, zai fizgo dattijo a gaban mutane kamar buhu. Leburori suka zuba masa ido.

"Kaka, ka zage ni."

Ba abin da ya taso sai wata 'yar siririyar dariya.

"Ku ja," in ji jikan.

Igiya ta shiga cin fatar hannunsa. Nauyin da ke ƙasa ba ya taimakonsu, ba ƙafar da ke dafa bango. Da kan Tsoho ya ɓullo, a langaɓe ya fito. Suka shimfiɗe shi a inuwa, suka kwance igiyar, wani lebura na yi masa fifita da kwali. Jikan ya durƙusa ya kara kunne a bakinsa, bai ɗago ba.

Sai ƙirjin ya motsa. Tari ya biyo baya, ido ɗaya ya buɗe.

"Wane sakarai ne ya baro min diga a ƙasa?"

Jikan ya zauna daɓas a cikin laka. "Ni ne, Kaka."

Tsoho ya jawo hannun jikan, ya daɗe yana kallon inda igiya ta ɗaye.

"Ka ƙi jin maganata."

"Na ƙi."

"To. In ramin ya sha iska, kai za ka sauka, ni in saurara daga sama. Sai ka fara koyon surutu tun yau, Kan Tulu."