Jarkar Hajiya Kulu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar uwargidana, Hajiya Kulu, kuma tunda ba ta nan balle ta yi mini dariya, zan faɗi gaskiya: a labarin nan ni ne wawan.

Muna Sabon Garin Gusau maƙwabciyarmu Maman Esta, wadda ɗanta ke aikin jinya a wani tsibiri wai shi Hawai, ta koya wa Kulu haɗa ruwan barkonon mutanen can. A daka ƙananan barkono da tafarnuwa, a sa gishiri da ruwan kal mai tsami, a zuba tafasasshen ruwa, a rufe kwana uku, a tace. Ɗigo biyu kan tuwo ya isa. Kulu ta rasa mazubi, ta ɗura nata a tsohuwar jarkar Zamzam.

A lokacin shekara huɗu ba ma magana da yayana, Alhaji Mamman na Nahuce, kan gonar gado. Aka ce yana kwance. Na ce wa Kulu mu je mu nemi gafara, na leƙa madafa na ga jarka, na ɗauka Zamzam ce, na sa a jaka ban gaya wa kowa ba.

Alhaji ya yi murna da Zamzam. Aka tayar da shi tsaye, ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla, ya kafa kai a bakin jarkar. Kurɓa guda ya durƙushe, ido waje, numfashi ya ƙi fita. Babban ɗansa ya tare ƙofa.

“Baffa, mi ka ba shi?”

Tsakar gida ta cika, na ji wani ya ambaci guba.

Kulu ta ratso su, ta ɗauki jarkar ta yi kurɓa uku a gabansu, hawaye na zuba. “Barkonona ne. A kawo nono.” Alhaji ya sha, ya dawo, har ya miƙo mini hannu yana tari.

Yau da jita-jita ke riga mutum isa gida ta waya, ban san ko za a jira ta kai ga jarkar ba. Na dai san ko yau ne, da Kulu ta sake sha. Zumuncin da ta ɗinke ran nan har yanzu bai ɓalle ba.

A mota na yi ƙarfin hali na ce laifinta ne.

Ta ce, “Malam, shekara talatin ba ka san ƙofar madafa ba. Ranar farko da ka shiga, saura kaɗan mu yi jana’iza.”