Kaskon Turaren Inna

Babanmu mahauci ne a Garwa. Lokacin da wasu Turawan Italiya suke aikin hanya, shi yake kai musu nama. Da za su tafi, ɗayansu ya ba shi wata 'yar butar ƙarfen gorar ruwa mai siririn ƙugu, wadda ake warwarewa gida biyu. Ya shigo gida da ita yana washe baki, ya ce wa Inna ga kaskon turaren Turawa.

Da shi muka tashi. Inna takan sa garwashi a gidan ƙasa na butar, ta zuba turare a kan 'yar rariyar ciki, hayaƙi ya riƙa fita ta bakin butar. Baƙuwa ba ta shigowa sai Baba ya leƙo ya ba ta tarihinsa. Bayan rasuwarsa, Inna ba ta yarda kowa ya taɓa shi.

Bara aka kawo nunin kayan Italiya a wani zaure a cikin gari: kujeru, fitilu, hotunan gine-gine. Ni da shegen son yawo, na ja Inna muka je. Tana ta kushe kujerun, wai wannan ko kaza ba za ta zauna a kai ba.

Sai na hango irin butarmu cikin gilashi, tana ƙyalli, an rubuta da Faransanci cewa ta dafa kofi ce. Ban so Inna ta ji cewa mijinta ya yi shekaru yana alfahari da kuskure. Na kama hannunta na ce mu je wajen fitilu, amma mai yi wa baƙi bayani ya riga ya fara: ruwa a ƙasa, garin kofi a rariya.

Inna ta saurara har ya gama. Muna fita na fara kame-kame, wai kama ce kawai.

"Ke, rufe mini baki," in ji ta. "Tun kina goye na sani. Wata maƙwabciyarmu mai aiki a gidan Turawa ta faɗa mini."

"To me ya sa ba ki gaya wa Baba ba?"

"Ba ki ga fuskarsa ranar da ya kawo ba."

Sai da muka tsayar da mai babur ta ƙara da cewa, "Kada ƙannenki su ji."