Sunan 'Yar Fari

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin lauya a New York na shiga abin da muke kira kilinik. Wani ɗan ofis ne a hawa na ƙasa, inda ɗalibai ke karɓar shari'o'in marasa hali kyauta, malami yana duba aikinsu. Malaminmu dattijon Bature ne mai sanyin murya, kullum cewa yake lauya na gari kunne ne kafin baki. Na yarda da mutumin nan ƙwarai, har da shi nake ba da misali idan na kira gida Kano.

Shari'ar farko da aka ba ni ta wata mata ce 'yar Maraɗi, tana zaune a unguwar University Heights, tana aikin jinyar tsofaffi. Inna nake kiranta. Ta samu takardar zama, ta nemi a kawo mata 'yarta ta fari da ta baro a gida. Yarinyar ta kusa cika shekara ashirin da ɗaya, kuma idan ta cika ba a amince ba, sai a sake nema daga farko, a layin manya mai cin shekaru. Matsalar ita ce a tsofaffin takardun Inna 'ya'ya biyu aka rubuta. Yanzu ga ta uku ta ɓullo, shi ya sa ofishin shige da fice ya kira ta ganawa.

Abokin aikina, wani ɗalibi ɗan ƙasar, ya yanke cewa ƙarya ce kawai. Na hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu na same ta a gida.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

"Biyu," in ji ta, ta sunkuyar da kai. "Sai kuma waccan, ta wurin yayata."

Nan take na gane. Kakata ma har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babana ba, saboda shi ne na fari. Kunya ce. Ba a faɗin sunan ɗan fari, ba a nuna shi, wani lokaci ko ƙirga shi ba a yi a gaban mutane. Wanda ya cike mata takardu tun farko ya tambaya, ta ce biyu, ya rubuta biyu.

Na zauna na rubuta bayanin al'adar nan shafi uku. Malam ya karanta, ya yaba, ya ce ni zan raka ta ganawar, ni zan yi magana. Da ƙarfin wannan maganar tasa na riƙe hannun Inna na ce, "Ki kwantar da hankalinki. In aka tambayi sunan, ina gefenki, zan yi musu bayani."

Ana gobe ganawa, da la'asar, saƙon malam ya shigo. Wai shari'ar ta shige mini zuciya da yawa, gara abokin aikina ya je, shi ma yana bukatar gogewa kafin zango ya ƙare. Za a sa tafinta ta waya. Haba malam! Na hau sama na buga ƙofarsa, babu kowa. Na kira, bai ɗauka ba. Gaskiyar da ba na son faɗa ita ce, da na matsa da na same shi. Tsoro na ji, don shi zai ba ni maki, shi zai rubuta mini takardar neman aiki. Na ce wa kaina ai shafukan nan uku suna cikin fayil.

Ashe babu su. Ya cire su tun mako guda da ya wuce, bai gaya mini ba. A wurinsu ya sa layi biyu, wai kuskuren rubutu ne aka yi. Daga baya ya ce mini jami'i ba shi da lokacin karatun al'adu.

Abokin aikina ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Jami'ar ofishin shige da fice ta tambayi Inna sunan 'yar da take nema. Inna ta dubi ƙofa. Aka sake tambaya, ta dubi ƙasa. A karo na uku ta ce, "Yana nan a takarda." Jami'ar ta rubuta abin da kowa zai rubuta, uwa ba ta san sunan 'yarta ba. Aka ƙi. Kafin a haɗa wata sabuwar hujja yarinya ta cika shekarun.

Abin da har yau nake jin zafinsa shi ne walimar ƙarshen zango. Malam ya miƙe da kofi a hannu, ya ba sababbin ɗalibai labarin wata uwa 'yar Afirka da ba ta faɗin sunan 'yarta, wai darasi ne kan sanin al'adun mutane. Kalmomina ya yi amfani da su, ɗaya bayan ɗaya, daga shafukan da ya cire. Suka tafa masa. Tir! Wallahi ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a wannan yinin ba. Na ajiye farantina na fita.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya taka gidan Inna. Ta karɓe ni, ta shimfiɗa mini darduma, ta dafa shayi, ta tambayi karatu. Na fara jero mata bayanin abin da malam ya yi, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Ni ban san malaminki ba, ɗiyata," in ji ta. "Sunan nan na faɗe shi a zuci duk sau ukun, bakina ne ya ƙi buɗewa. Ina ta duban ƙofa, na ce yanzu za ki shigo. Ina kika je?"