Kalmar da Tsoho Ya Ji ta Bayan Darni

Ƙarar buta na ji, an dire ta da ƙarfi a bayan darni. Na san hannun surukina ne, mahaifin maigidana, na kuma san ya ji mu.

Ina tankaɗen gero ne da la'asar, ɗiyata ta fari tana gefena tana bitar darasin Ingilishi. Mushensu, wato malaminsu na koleji, ya ba su wata doguwar kalma, mai kama da wata ta Faransanci da na taɓa koya. Ma'anarta mutum ya ɗauki abin da ba a gani, ba a taɓawa, ya yi masa siffa a cikin hankalinsa har ya fahimce shi. An ce kowa ya zo da misali. Ita kuwa, da muryar nan tata mai kaiwa maƙwabta, sai ta ce, "Inna, in ce Allah? Ai Shi ma ba a ganinSa."

Dama tsohon dalili yake nema ya cire ta daga makarantar boko. Maigidana yana ci-rani a Najeriya, abin da tsohon ya yanke shi ke nan. Ya zagayo, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Bai kira ta "amaryata" kamar kullum ba.

"Abin da ake koya musu ke nan? Su zana Ubangiji a ka?"

Na durƙusa, hannuwana duk gari. Ban taɓa mai da masa magana ba.

"Baba, kuskuren yarinta ne. Allah Ya ɗaukaka daga haka. Kalmar ta irin su haƙuri ce, da amana. Ba wanda ya taɓa ganin amana da ido, amma kun san ta, har kukan ce wane yana da ita, wane ba shi da ita. Wannan sani na zuci shi Bature ya raɗa wa suna."

"Au, Bature ma ya san amana?"

Ya juya ya nufi masallaci. Na sa ta yi istigfari, ni ma na yi ta yi. Tuwon ranar ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Da safe ban ce ta yi shirin makaranta ba. Na zuba kunu na ba ta ta kai wa tsohon, ta gaishe shi yadda ta saba. Na tsaya jikin darni ina kasa kunne, ba na jin komai sai kurɓa.

Can ta dawo da kwanon, babu ko ɗigo.

"Inna, ya ce in rubuta amana, kuma in gaya wa Mushe shi ya ba ni misalin. Ina takalmina?"