Jan Fentin da Nikitas Ya Kankare

Duk wanda ya taɓa sauka a tsibirinmu da jakar goyo da takalmin hawan dutse, to ya bi sawun Nikitas ko bai taɓa ganin fuskarsa ba. Jajayen ɗige-ɗigen nan da ke jikin duwatsu, tun daga bayan coci har gangaren da ke kaiwa bakin ruwa, aikin hannunsa ne. Shekara goma sha tara yana yin su.

Shi ne na huɗu a gidansu, kuma cikin waɗanda suka bar tsibirin shi kaɗai ya dawo. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga jirgin dakon kaya, ya yi shekara goma sha biyu yana feren dankali da kankare tsatsa. Da mahaifinsa ya rasu ya sauko da akwati ɗaya, ya gaji gonar kan tudu da alfadari da amya tara. Ya auri Zambeta 'yar mai gasa burodi, mace mai ƙarancin magana da yawan lura. Suka haifi 'ya'ya mata biyu, suka girma suka tafi babban birni Atina kamar 'ya'yan kowa.

Lokacin da baƙi suka fara zuwa, mun daɗe ba mu gane abin da suke nema ba. A wurinmu teku wurin aiki ne, dutse kuwa wahala ce, sai ga mutane sun shigo jirgi tun daga nesa don su hau dutsen da ƙafa, su gangara su faɗa ruwa, su sake hawowa suna murna. Da biyu suka ɓace a bazara ɗaya, majalisar gari ta ce a yi musu alama a hanya. Ba a yi gardamar wanda za a ba aikin ba, don babu turbar akuyar da Nikitas bai sani ba. Ya riƙe aikin da alfahari. In ya shigo shagon gahawa da gwangwaninsa, Parasko mai shagon yakan ce a matsa wa babban mai zanen tsibiri, amma a ba shi tsohuwar kujera kada ya yi wa sababbin ado.

Hanyar da baƙi suka fi so ita ce mai zuwa Aspro, wani ɗan lungun ruwa mai farar tsakuwa, inda mutum ke hango ƙafarsa a ƙasa ko ruwa ya kai masa wuya. Matsalar ita ce hanyar ta ratsa tsakiyar gonar Nikitas, ta ƙyaure biyu. Ɓauren da suke tsinka bai dame shi ba. Ƙyauren ne ba sa rufewa. Ya sa 'yarsa ta rubuto masa gargaɗi da harsuna uku ya kafa, aka riƙa ɗaukar hoton allon ana wucewa.

A shekarar da abin ya faru, ya dasa inabi sittin, ya yi wata huɗu yana ɗauko musu ruwa a bayan alfadari. Wata Litinin cikin Agusta ya hau ya tarar da ƙyaure a wangale, awakin maƙwabci sun shiga sun cinye dashen tas, har ɓawon sun ɗaye. Ya sauko shagon Parasko yana huci, ya ce a canja hanyar nan ko shi ya canja ta. Parasko ya ce ya yi haƙuri, awakin ma baƙi ne, abincin gargajiya suka zo ɗanɗanawa. Aka kwashe da dariya. Nikitas bai yi ba.

Washegari da sassafe ya ɗauki gwangwanin fenti da bokitin farar ƙasa da ya dama da laka. A wajen tsohuwar rijiya, inda hanya ta rabu biyu, ya shafe tsofaffin alamomin, ya fara sababbi ta wata turbar awaki da ke zagaye gonar ta saman kwazazzabo. A ganinsa ba wani abu ba ne, rabin sa'a ce kawai za ta ƙaru musu. Yana tsakiyar turbar fentin ya ƙare, daidai inda ƙasa ta zama tsakuwa mai zamewa, inda wanda ya sani yake haurawa sama, wanda bai sani ba idonsa ke ja masa ƙasa. Akwai wani gwangwanin a gida. Rana ta riga ta take. Ya ce zai dawo da yamma ya ƙarasa, ai babu mai hankalin da zai hau dutse da tsakar ranar Agusta.

Akwai wata baƙuwa da muke ce wa Malama, don lissafi take koyarwa a wata makarantar sakandare a garin Larisa. Sunanta Efterpi. Shekara tara ke nan tana zuwa ita kaɗai, da farar hularta da littafi a jaka, kullum sai ta taka har Aspro ta yi iyo ta dawo cin abincin rana. Ran nan ta makara, ta tsaya jiran wayar ƙanwarta. Ta san tsohuwar hanya sarai. Amma da ta iso rijiya ta ga ɗanyen fenti ya nufi dama, sai ta ce tunda Nikitas ya canja, akwai dalili.

Wajen la'asar matar da Malama ke haya a gidanta ta shigo shagon Parasko, ta ce baƙuwarta ba ta dawo ba, ga abinci ya huce. Tana ambaton Aspro Nikitas ya tuna alamomin da bai ƙarasa ba. Maza suka rabu, wasu ta tsohuwar hanya, wasu a kwale-kwale. Shi kuwa ya sulale ya kwance alfadari ya miƙe turbar awaki.

Ya hango farar hular tun daga sama. Tana kwance a ƙasan gangaren, ƙugunta ya karye, leɓunanta sun tsattsage, ta yi sa'a biyar a cikin wannan rana. Ya tallafo kanta ya ɗiga mata ruwa. Da ta iya magana, sai ta ce, “Na san kai za ka zo, Malam Nikitas. Alamarka na biyo, sai ta ƙare.”

Aka ɗauko ta a kan tsani, jirgi mai saukar ungulu ya tafi da ita. A bakin tashar jirgin ruwa mutane suka yi ta dafa kafaɗarsa, suna tambayar yadda aka yi ya san can za ta bi. Ya ce haka kawai ransa ya ba shi.

Abin da ya yi washegari shi ya fi cin sa daga baya. Gari na wayewa ya hau da buroshin ƙarfe, ya kankare sababbin alamomin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke tsofaffin suka fito. Yana yi yana gaya wa kansa don kada wani ya sake faɗawa ne, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ita ce ta tashe shi da asuba ba. Da ɗan sanda ya zo daga babban tsibiri bayan kwana uku, ya ce matar ta dage jan fenti ta bi, aka kai shi wurin ya duba bai ga komai ba. Likitoci suka ce zafin rana yakan sa mutum ya ga abin da babu. Kowa ya gamsu.

Ban da Zambeta. Tana shanyar wandonsa ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Ran Talata ka fita da gwangwani cike, ka dawo da shi wayam. Na zaga, ban ga inda ka shafa shi ba.”

Ta ce ita ba za ta faɗa wa kowa ba, bakinsa ne ya kamata ya faɗa. Ba ta sake tayar da zancen ba. Amma ranar da majalisa ta ba shi takardar yabo, wadda Parasko ya sa a gilashi ya rataye a shago, Zambeta ta ce kanta na ciwo, ta zauna a gida.

Malama ta dawo bayan shekara guda, da sanda, tana ɗingishi. Dutse ya fi ƙarfinta har abada, amma a ruwa ƙafar ba ta damunta. Ta kawo masa rigar sanyi ta ulu, ta rungume Zambeta, tana gaya wa duk baƙon da ta haɗu da shi cewa ga mutumin da ya ceci ranta. Nikitas ya ce zai riƙa kai ta Aspro a kan alfadari duk ranar da take so, kuma kada ta kuskura ta yi masa maganar lada. Wannan ma ya zama abin yabo. Yakan zauna a inuwar dutse yana jiranta ta gama iyo, in ta fito ya juya baya har ta shirya, ya ɗora ta su hauro. Kowace shekara da tsarabar da za ta kawo, kowace shekara yana jin kamar an ƙara masa dutse a ƙirji. Rigar ulun ko sau ɗaya bai sa ba. Sau biyu ya je wurin limamin coci da niyyar faɗa, ya ɓuge da zancen rufin coci da ke yoyo.

Haka aka yi shekara bakwai.

A ta bakwai ɗin, suna hanyar dawowa, yana gaba riƙe da igiya, ya tambaye ta ɗalibai, don dai a yi hira. Ta ce ai ta ajiye koyarwa tun shekara huɗu da suka wuce, ba ta dai faɗa ba ne. Ya ce ƙafar ce? Ta ce a'a, ana koyarwa a zaune. Ta ce tun daga ranar nan ta daina yarda da kanta. Har yanzu in ta rufe ido tana ganin ɗige-ɗigen nan jawur, har da inda fentin ya zuba ya yi layi, ga shi kuma an ce babu su. In ta rubuta lissafi a allo sai ta tsaya tana tunanin ko abin da take gani shi ne a wurin. Mahaifiyarta da ruɗewa ta ƙare, sai ta ɗauka nata ne ya fara da wuri. Ta ga gara ta tafi da mutuncinta kafin yara su gane. Tana faɗa tana ɗan murmushi, kamar labarin wata.

Nikitas ya tsaya cak, alfadarin ya tunkuro shi da hanci. Ya ce, “Malama, fentin yana nan. Ni na shafa, ni na kankare.”

Ya gaya mata duka, tun daga awaki har buroshin ƙarfe, idonsa na kan igiyar da ke hannunsa. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce ya nuna mata. Ya ja alfadarin zuwa rijiya, ya sauke ta, ya kai ta gaban wani dutse a hannun dama. A cikin wata 'yar tsaga da buroshi bai shiga ba akwai sauran ja, bai fi ƙwayar alkama ba. Duk wucewar da yake yi sai idonsa ya kai wurin. Ta durƙusa da ƙyar, ta sa farce ta taɓa, ta daɗe a haka.

“Ƙafar da sauƙi,” in ji ta. “Haushi ya ɗebe ka, fenti ya ƙare, wannan zan iya ganewa. Amma shekara bakwai kana riƙe da igiyar nan, kana ji ina ba mutane labarin yadda rana ta taɓa mini kai.”

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta ce ya kai ta gida. Ba ta iya hawa da kanta, dole shi ɗin ne ya haɗa hannuwa ta taka, kamar kullum.  Bayan kwana biyu ta bi jirgi, saura kwana goma hutunta ya ƙare.

Ran Lahadi bayan an fito coci, shago ya cika, Nikitas ya miƙe tsaye ya faɗa wa kowa. Da farko an ɗauka wasa ne, har Parasko ya fara shirya amsa, sai ya dubi fuskarsa ya haɗiye. Wasu suka ce laifin masu barin ƙyaure ne. Wani ya ce abin da ya wuce shekara bakwai me ya kai shi tonowa, yanzu sai a ɓata wa tsibiri suna. Matar da Malama ke haya a gidanta ta yi shekara ba ta amsa gaisuwarsa. Parasko kuwa da yamma ya sauke takardar yabon, ya naɗe ta a jarida ya aika masa gida. Nikitas ya mayar wa majalisa aikin alama. Ya zauna ya rubuta wa Malama wasiƙa da hannunsa, kwana uku yana yi, amsa ba ta zo ba.

Bazara biyu ba ta zo ba. A ta uku sai ga ta ta sauko daga jirgi da 'yar ƙanwarta. An ce ta koma koyar da yara a gida, 'yan masu shirin jarrabawa. Yanzu a kwale-kwale take zuwa Aspro. In sun haɗu da Nikitas a bakin tasha takan gyaɗa kai, shi ma ya cire hula, shi ke nan.

Bana shekararsa saba'in da biyu, gwiwarsa ta hagu ta fara ba shi wahala, gonar ma sai ya huta sau uku kafin ya kai. Makon jiya Zambeta ta dawo daga sayen kifi, tana ajiye kwando ta ce ta haɗu da Malama, sun ɗan tsaya, har ta tambayi gwiwarsa. Nikitas ya ajiye wuƙar da yake wasawa. Ya ce yaya ta ce? Zambeta ta ce cewa ta yi, yaya gwiwar mijinki. Ya tambaya ko ta ambaci sunansa, ta ce ba ta ambata ba. Ya tambaya da wace irin murya ta faɗa, Zambeta ta ce da irin muryar da ake tambayar gwiwa, ya tashi ya ɗebo mata ruwa ta wanke kifi. Ya tashi ya ɗauki bokiti, da ya kai ƙofa ya juyo ya ce ta sake faɗa masa tun daga farko.