Kwalbatin Yaya Shebur

Yayana magini ne, amma duk layinmu ba mai kiransa da sunansa, sai dai Shebur. Har matarsa in ya ɓata mata rai za ka ji ta ce, "Ina Shebur ɗin ya shiga kuma?" Sunan ya samo shi ne a kwalbatin bakin layi, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana yi wa bauta kamar shi ya haife shi. Ni ƙanwarsa ce, shagona na kayan masarufi yana kallon kwalbatin, don haka komai a kan idona aka yi. Kuma gara in faɗa tun yanzu, da hannuna dumu-dumu a abin da ya same shi.

Layinmu gangare ne. Ruwan unguwa uku nan yake haɗuwa, ya bi ta ƙarƙashin titi ta kwalbatin, ya faɗa babbar kwata. Gidan Yaya shi ne na ƙarshe can ƙasa, in kwalbati ya toshe ruwa bai san ƙofar kowa ba sai tasa. A ɗakin da ke bakin zaure kuma matarsa take kwance, shekara huɗu da shanyewar ɓarin jiki, ko juyawa sai an juya ta.

Tun ranar da wata tifa ta taka kwalbatin ya tsage, Yaya ya ɗauke shi aiki. Duk Asabar da hantsi zai naɗe wando zuwa gwiwa, ya ja shebur ya shiga. Abin da yake fitarwa kuwa, Allah ya kiyaye! Leda, tsumma, famfas ɗin jarirai, mushen kyanwa, har tsohuwar katifa ya taɓa jawowa. Ina shago ina toshe hanci da mayafi, shi yana ciki ko yamutsa fuska ba ya yi. In ya samu ragowar siminti a wurin aiki sai ya ƙullo a buhu ya zo ya liƙe tsagar, ya shafe ta sumul, ya ja da baya yana kallo kamar wanda ya gama bene.

"Yaya, wai kai kaɗai ne namiji a layin nan?" haka nake ce masa.

"To in ban cire ba, ai a ɗakina zai kwana," iyakar amsarsa ke nan. Shi dama magana tsada take masa.

Ba wai mun zauna ba ne. Duk shekara in ƙaramar hukuma za ta tsara kasafin kuɗi, Sakatare, wani tsohon malamin makaranta da ke riƙe da takardun ƙungiyar layi, sai ya rubuta takarda a roƙi sabon kwalbati. Masu duba su zo su biyu cikin farar mota, su leƙa, su gyaɗa kai, su yi ɗan rubutu su tafi. Shiru. Akwai ma wata Asabar da wasu suka zo suka kafa allo a gefen kwalbatin, suka ɗau hoto, suka tumɓuke allonsu suka jefa a bayan mota. Ni na sayar musu da lemo, har ina murna wai aiki ya kusa.

Sai ga shi an yi wa layin bayanmu sabo fil, mutanen da ko tsinke ba su taɓa cirewa daga kwatarsu ba. Sakatare ya tafi sakatariya ya tsare wani masinja da tambaya, ya dawo yana huci. Ashe takardar masu duba gida uku gare ta: mai kyau, da dama-dama, da wanda ya lalace. Wanda ya lalace kaɗai ke shiga kasafi. Mu kuwa duk shekara sai su tarar da ruwa yana wucewa, tsaga a liƙe, su saka mu a dama-dama. Wato aikin Yaya ne yake kore mana sabon kwalbati.

Ranar Lahadi da yamma aka taru a ƙofar shagona. Sakatare ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito fili.

"Malam Shebur, don Allah ka ɗan cire hannunka. Sati uku kacal. Masu duba farkon wata za su zo, su gan shi yadda yake."

"Damina fa ta kawo kai," in ji Yaya.

"Ai kafin ruwa ya sauka sun zo sun tafi."

"In kuma ba su zo ba?"

Nan na buɗe wannan bakin nawa da ba ya iya shiru. "Haba Yaya! Shekara goma sha ɗaya kana wanka da ƙazantar mutane, wa ya taɓa ce maka sannu? So kake ka mutu a cikin kwata? Ka bar su su ga abin da ake biyansu su gani!" Ya dube ni, ya ce to. Da yake na san halinsa, a ranar na ɗauke shebur ɗin na ɓoye a bayan buhunan shinkafa.

Abin da ya biyo baya har yau ban manta da shi ba. Cewa aka yi a bar kwalbati, amma mutane suka ji kamar an ce a taimaka masa ya lalace. Mai aski ya riƙa juye gashi a ciki. Mai kaji ya kawo hanji da fuka-fukai. Matan da a da suke fakar ido su zubar da shara, yanzu da rana tsaka suke zuwa da bokiti, suna dariya wai aikin gayya suke wa unguwa. Ƙudaje suka hana ni ciniki. Yaya in zai wuce sai ya kawar da kai, kamar wanda ya ga ɗansa tsirara a kasuwa.

Sati uku ya zama bakwai. Yau a ce mota ba mai, gobe a ce shugaban sashe ya tafi taro. Sau biyu Yaya yana zuwa shago ya ce in ba shi shebur ɗinsa, sau biyu ina ce masa ya ƙara haƙuri, an kusa.

Ranar wata Talata da azahar hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Ko awa ɗaya ba a yi ba kwalbati ya ƙi karɓa, baƙin ruwa ya juyo da duk abin da muka zuba, ya miƙe gangare. Kafin Yaya ya iso daga wurin aiki ruwan ya kai gefen gadon matarsa. Ƙyauren zaure aka ɓalle aka ɗora ta, maza huɗu suka ɗauko ta ruwa iya ƙugu, hanjin kaji na yawo a gefensu. Ba ta iya kuka da ƙarfi, ido kawai take bin mu da shi. Da la'asar bangon ɗakin ya zube, ɗakin da Yaya ya gina da hannunsa shekarar da ya auro ta. Gidana suka dawo, su biyu a ɗakin da nake ajiye kaya.

Bayan kwana tara sai ga farar motar masu duba. Ɗaya bai ma fito ba, ɗayan ya sauko da hankici a hanci, ya leƙa daga nesa ya saka mu a gidan wanda ya lalace. Wallahi tafi mutane suka yi. Tafi! Sakatare har da rungume mai aski. Kansila ma ya zo da mai hoto, ya miƙa wa Yaya tabarma ɗaya da bokitin roba, ya ce a ƙara ɗauka don ya rufe ido a na farko. Tir.

Wata huɗu bayan nan aka manna kasafi a allon sakatariya. Ni da Sakatare muka bi shi da yatsa layi-layi har sau uku, ba sunan layinmu. Muka shiga ofishin ayyuka, wani ɗaki mai fanka mai ƙara da fayiloli ɗaure da igiya har rufi. Akawun yana sakace haƙori, da ƙyar ya jawo namu.

"Hajiya, ai ku an yi muku. Shekara biyu ke nan, sabon kwalbati, an kammala an sallami ɗan kwangila. Aikin da aka gama kuma ba ya sake shiga kasafi sai ya shekara biyar."

"Wa ya yi? Yaushe? A ƙofar shagona fa yake!"

Sai ya juyo mini fayil ɗin. Hoto ne: ga allo da sunan kamfani, ga kwalbatinmu da sabon shafe sumul, ga wani mutum a cikin kwata ya sunkuya ya ba da baya, riƙe da shebur.

"Ga ma leburansu nan yana ƙarasawa," in ji akawun.

Facin da ke kafaɗar rigar leburan ni na ɗinka shi. Na so in yi ashar, na so in kife teburin. Amma lemon da na sayar wa masu kafa allon nan kawai nake tunawa.

Da na dawo ban tarar da Yaya a gida ba. Yana cikin kwata, wando a naɗe, ashe ya gano inda na ɓoye shebur tun tuni. Ya ɗago ya ce, "Sun sa mu?"

Na tsuguna a bakin kwalbatin, warin na dukan fuskata, na faɗa masa komai, har facin riga. Ya kalli tsagar da ta ƙara buɗewa. Can ya ce, "A hoton, shafen ya fito da kyau?"

Na ce, "Ya fito, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya ce in miƙo masa buhun simintin da ke bayana.